Bokitin ruwan sabulu ya isa a koyar da lissafin siffofi

Abin da ke kashe wa yaranmu sha'awar lissafin siffofi shi ne yadda muke koyar da shi: a zana kusurwa a allo, a ce su haddace. Da ka yi magana, sai a ce ai babu ɗakin gwaje-gwaje. Ni malamin lissafi ne a nan Suleja, kuma ban yarda da wannan uzurin ba.

A samo wayar da magina ke ɗaure rodi da ita, a lanƙwasa ta ta zama ƙashin akwati mai gefe 12, a bar mata mariƙi. A dama omo ko sabulun wanke-wanke a bokiti, a ɗiga gilisarin daga kemis, domin da hunturu iska a bushe take, yanar sabulu ba ta jimawa sai ta fashe. Sai a tsoma wayar, a ɗago a hankali.

Kafin a tsoma nakan tambayi ɗalibai me za su gani. Sukan ce sabulun zai rufe ɓangarori shida na akwatin. Sai yanar ta shige ciki, ta haɗu a tsakiya, ga wani ɗan ƙaramin murabba'i yana reto. A nan ne yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba zai ce, "Malam, me ya sa?" Dalilin shi ne kullum yanar tana jan jikinta don ta rage faɗinta. Shi ya sa take haɗuwa uku-uku a kan layi, da digiri 120 tsakaninsu, layuka huɗu kuma su haɗu a ɗigo guda, da kusan digiri 109 da rabi.

Wannan ba wasan yara kaɗai ba ne. Joseph Plateau, masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, ya wallafa waɗannan ƙa'idoji a 1873, bayan ya daɗe da makancewa. Sai a 1976 Jean Taylor, masaniyar lissafi a Amurka, ta kafa musu cikakkiyar hujja. Frei Otto, wanda ke cikin masu tsara rufin filin wasannin Olamfik na Munich a Jamus na 1972, ya yi shekaru yana gwada siffofin rufi da yanar sabulu.

Garinmu ba ya buƙatar a koya masa darajar aikin hannu. A nan, lokacin ana kiran garin Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane a 1954, ga hotonta yau a bayan naira 20. Da yatsunta ta san lanƙwasa da daidaito.

Roƙona ga shugabannin makarantu, daga cikin gari har Madalla, su ware awa guda a zangon karatu don wannan. Kowane yaro ya lanƙwasa tasa wayar, wani akwati, wani dala mai fuskoki huɗu, ya rubuta hasashensa a littafi kafin ya tsoma, sannan ya rubuta abin da ya gani.