Ka San The Rock, Amma Ka San Gwanayen Kabi?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, bari mu yi wata 'yar jarrabawa. In na ce maka The Rock, nan take hotonsa zai faɗo maka a rai. To in na ce Sani Ɗandawo fa? In na ce ka faɗa min sunan mutum ɗaya da ya taɓa kama kifi mafi girma a Matan Fada, za ka iya?

Na kawo The Rock ne da gangan. Sunansa na gaskiya Dwayne Johnson, kuma mahaifiyarsa jinin Samoa ce, wata ƙasa ta tsibirai can a tekun Fasifik. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su wuce dubu 200 da 'yan kai ba. Amma dubi sunayen da suka fitar: ɗan damben nan David Tua da ya kara da Lennox Lewis a 2000, marubuci Albert Wendt, da Fiame Naomi Mata'afa, mace ta farko da ta zama firaminista a can a 2021. Shi kansa The Rock sai da suka naɗa shi sarautar gargajiya a 2004. Wato ba su barin nasu ya ɓace musu, ko da a wata ƙasa aka haife shi.

Mu fa? Jihar Kebbi tana da mutane miliyoyi. Tarihinta kuma bai fara a 1991 da aka ƙirƙiro jihar ba. Tun ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya bijire wa daular Songhai, ya kafa tasa, ya gina birnin Surame da ganuwar dutse. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma tafsirinsa Diya'ut Ta'awili har gobe ana karanta shi a zaurukan malamai. Shehu Kangiwa shi ne gwamnan farar hula na farko a tsohuwar Jihar Sakkwato a 1979. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, a hannunsa aka yi zaɓen da jam'iyyar adawa ta karɓi mulkin Najeriya karon farko. A fagen kiɗa ga Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, ga Gambu na Fagada, wanda duk abin da za ka ce game da waƙoƙinsa, ba ka isa ka ce ba shi da azanci ba.

Waɗannan ma sun yi sa'a, an rubuta wani abu a kansu. Inda abin ya fi ciwo shi ne wasanni. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duk lokacin biki dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora, ana kokawa, ana dambe, ana tseren kwale-kwale. Hotunan manyan baƙi su cika intanet. Shi kuwa wanda ya yi nitso ya fito da giwan ruwa, kwana biyu an manta sunansa.

Yanzu ka buɗe wayarka ka duba abin da ka wallafa a wata ɗaya da ya wuce. Ka faɗi tsakaninka da Allah: nawa ne musun ƙwallon Turai, nawa ne kirarin wani ɗan siyasa saboda ya tura maka kuɗin data, nawa ne kuma labarin wani gwani na garinku? Ba cewa nake kallon ƙwallo laifi ba ne, ni ma ina kallo. Amma sojan baka yana ƙarewa ranar da uban gidansa ya sauka daga kujera, shi kuwa tarihi yana nan.

Wani zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne da jami'o'i, mu da ke fama da rashin aikin yi ina ruwanmu? Akwai gaskiya a ciki. Sai dai tsohon ɗan kokawar unguwarku ba zai jira kasafin kuɗi ba. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ya tafi da kirarinsa da labarin duk wanda ya kayar. Kuma ƙanenka da ya tashi bai san an taɓa yin gwani a garinsu ba, zai ɗauka nasara sai a Kano ko Abuja ko Turai.

Don haka ga abin da nake roƙonka, ba ya cin kuɗi. Wannan makon ka nemi dattijo ɗaya, masunci ne, makaɗi ne, tsohuwar malamar makaranta ce, ka gaishe shi da ladabi, ka nemi izini, ka ɗauki hirarsa ta minti goma. Ka rubuta cikakken sunansa da garinsu da shekarar da abin ya faru. In kana kusa da Argungu, ka shiga gidan tarihin Kanta, ka yi tambaya kafin ka ɗauki hoton kanka. Sannan ka ɗora a Facebook ko TikTok, da Hausarka ta gida, ba sai ka gyara harshe ba.

Masu magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu namu gidan yana nan, sauran mu waiwayo tun masu ba da labarin suna raye.