Matashin Lauya, Ofishin Kansa da Dokar Hana Talla

Kowace shekara dubban matasa ne ke fitowa daga Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, waɗansunsu daga reshenta na Bagauda a Jihar Kano ko na Yola, a ɗora masu hular gashi da baƙar riga, iyaye su yi ta murna. Da an gama walima, an kammala hidimar ƙasa, sai gaskiya ta yi halinta. Ma'aikatun shari'a ba su ɗaukar kowa sai ƙalilan, manyan ofisoshin lauyoyi sun taru a Legas da Abuja, albashin da wasu manya ke bai wa ƙananan lauyoyi kuwa bai kai a faɗa a bainar jama'a ba. Saboda haka da yawa daga cikinsu kan kama ɗaki guda a saman wani bene, su kafa allo, su zauna jiran mai shigowa. Abin da nake son mu duba a yau shi ne yadda jama'a za su san da zaman wannan matashi, alhali ƙa'idar sana'arsa ta ɗaure masa baki.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin mutane da yawa, har da wasu lauyoyin, sun ɗauka an haramta wa lauya talla ɗungurungum. Ba haka abin yake ba. Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya na shekarar 2007, a sashe na 39, sun yarda lauya ya sanar da aikinsa muddin sanarwar ta dace kuma babu yaudara a ciki. Abin da aka hana shi ne ya gwada kansa da wasu lauyoyi ko ya kushe su, ko ya yi alfahari da yawan shari'o'in da ya ci, ko ya nemi aiki ta hanyar raba takardu da tura 'yan kamasho. An yarda masa da katin suna, da takarda mai ɗauke da sunan ofis, da allo madaidaici a ƙofar ofishinsa. Sababbin ƙa'idojin 2023, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ba su kauce wa wannan turba ba. Babban abin da suka ƙara shi ne nauyin da aka ɗora wa lauya na sanin wanda yake wa aiki, domin toshe kafar halatta kuɗin haram.

Wannan takunkumi gadon Ingila ne, inda aka ɗauki aikin lauya a matsayin aikin dattaku wanda bai kamata a yi shelarsa kamar hajar kasuwa ba. Sai dai waɗanda muka gada daga wurinsu sun daɗe da sassautawa. A Amurka, wasu matasan lauyoyi biyu, John Bates da Van O'Steen, sun buga farashin ayyukansu a jarida a Jihar Arizona a shekarar 1976, ƙungiyar lauyoyin jihar ta hukunta su, amma a 1977 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce talla ta gaskiya tana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki. Hujjar kotun ita ce talaka yakan guji lauya saboda bai san nawa za a caje shi ba. Ingila ma ta buɗe wa lauyoyinta ƙofar talla tun cikin shekarun 1980.

Ni a ganina, a Arewa wannan hujja ta fi ƙarfi. Mutumin ƙauye da aka kama masa ɗa ba ya da jerin sunayen lauyoyi a aljihu. Wanda zai fara cin karo da shi a bakin ofishin 'yan sanda ko harabar kotun majistare shi ne ɗan kamasho, wanda zai ja shi wurin lauyan da ke ba shi kaso. Ke nan dokar da aka yi domin kare mutuncin sana'a ta ɗaure mai gaskiya, ta bar fili ga wanda bai damu da ita ba. Babban lauya da ya shekara talatin yana aiki ba ya bukatar talla, sunansa ya riga ya zaga gari. Matashin da ya buɗe ofis bara shi ne takunkumin ke shaƙewa.

Duk da haka, ban goyi bayan a saki linzami baki ɗaya ba. Wanda ya ga yadda masu maganin gargajiya ke cika lasifika da alƙawarin warkar da kowace cuta zai iya hasashen abin da zai faru ranar da aka ce lauya ya yi alƙawarin cin kowace shari'a. Mai ƙara ba ya iya auna ingancin aikin lauya kafin ya biya, sau da yawa ma sai bayan gona ko gida ya salwanta yake ganewa. Saboda haka hana cika baki da hana 'yan kamasho daidai ne. Abin da ya rage shi ne a aiwatar da hanin a kan masu karya shi.

To, me ya rage wa matashin da ke son bin halal? Na farko, ya gyara tushe. Ƙa'ida ta ce ya sanar da reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, wato NBA, na yankinsa cikin kwana 30 da buɗe ofis, ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen watan Maris, ya kuma raba kuɗin masu hulɗa da shi da nasa, kowanne a asusunsa. Ya kula da sa hannu: a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofis a maimakon sunan lauya, ta kuma jaddada hakan a shari'ar First Bank da Maiwada a 2012. Kuskure irin wannan kan rusa shari'ar shekaru, ya tafi da sunan mai ofis.

Na biyu, ya zaɓi fanni ya ƙware. Rabon gado, takardun filaye da rajistar kasuwanci suna nan jibge. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, amma 'yan kasuwa nawa ne a Kantin Kwari ko Singa suka san da haka? Na uku, ya yi amfani da ƙofar da ƙa'ida ta bari a buɗe, wato rubutu a jarida da shiga shirin rediyo domin wayar da kan jama'a game da doka. Lauyan da ya iya bayanin haƙƙin ɗan haya ko sharuɗɗan beli da Hausa mai sauƙi ya yi wa al'umma hidima, kuma masu saurare ba za su manta da sunansa ba.

Akwai kuma batun farashi. Umarnin da aka fitar a 2023 ya ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai karɓa, ya kuma kasa jihohi rukuni uku gwargwadon ƙarfin tattalin arzikinsu. Manufar ita ce hana lauyoyi karya wa juna farashi. Amma dokar da mai biya bai san da ita ba, ta yaya za ta yi aiki? Ya kamata rassan NBA na Arewa su fassara jadawalin zuwa Hausa, su manna shi a harabar kotuna tare da sunayen lauyoyin da suka biya kuɗin izini da fannin kowannensu.

Daga ƙarshe, ina kira ga Majalisar Ƙoli ta Lauyoyi, wadda ke da alhakin tsara waɗannan ƙa'idoji, da ta fito fili ta fayyace abin da ya halatta a Facebook da WhatsApp da makamantansu, domin matashi ya san iyakarsa tun kafin a gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Muddin talaka bai san inda lauyan kirki yake ba, ɗan kamasho ne zai ci gaba da yi masa jagora.