Na'urar Gano Ƙarya: Shin Mai Gaskiya Ya Miƙa Hannunsa?

A kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke karatun digiri na biyu a Amurka ya bugo mini waya cikin dare, muryarsa na rawa. A shagon da yake ɗan aikin wucin gadi kuɗi sun yi ɓatan dabo, 'yan sanda sun yi wa ma'aikata tambayoyi, sannan suka ce da shi in yana son a cire sunansa daga cikin waɗanda ake zargi, ya zo a gwada shi da na'urar gano ƙarya, wadda Turawa ke kira foligiraf. Ya ce, “Malam, wallahi ko kwabo ban ɗauka ba. In na ƙi zuwa, ai cewa za su yi ina ɓoye wani abu.” Na ce da shi kada ya sa hannu a kowace takarda sai ya ga lauya. Fagena shi ne kimiyyar harshe, ba shari'a ba, to amma wannan gwaji da tambaya da amsa aka gina shi, don haka ina ganin ina da abin cewa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa sunan na'urar ya fi ta girma. Abin da take aunawa shi ne numfashi, da bugun zuciya da hawan jini, da gumin yatsu. Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa ta a birnin Berkeley na jihar Kaliforniya a 1921, kuma har yau, duk da an haɗa ta da kwamfuta, tushenta bai canza ba: ana ɗauka cewa mai ƙarya jikinsa zai tashi. Matsalar ita ce tsoro ma yana tayar da jiki, haka fushi, haka kunya, haka baƙin ciki. Na'urar tana nuna cewa zuciya ta harba, amma mai gwajin ne ke yanke hukuncin abin da ya sa ta harba.

Su kansu Amurkawan da suka ƙirƙiro ta ba su gama amincewa da ita ba. Tun a 1923, a shari'ar Frye, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi karɓar sakamakon irin wannan gwaji na hawan jini. A 1988 majalisar dokokin ƙasar ta hana galibin kamfanoni masu zaman kansu gwada masu neman aiki da ita. A 1998, a shari'ar Scheffer, Kotun Ƙoli ta amince da dokar da ta hana gabatar da sakamakonta a kotunan soja. Sannan a 2003 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar ta fitar da rahoto cewa idan ana binciken wani laifi takamaimai, na'urar ta fi canke, amma tana nesa da zama marar kuskure. Aldrich Ames, jami'in CIA da ya riƙa sayar wa Tarayyar Sobiyat asirin ƙasarsa, ya ci gwajin a 1986 da 1991. Gary Ridgway na jihar Washinton ya ci shi a 1984, kuma a 2003 ya amsa laifin kashe mata 48.

To in mafi yawan kotuna ba sa karɓar sakamakon, me ya sa 'yan sanda ke son sa? A nan gizo ke saƙar. Sakamakon ba ya shiga kotu, amma duk kalmar da ta fito daga bakin wanda ake zargi a cikin ɗakin tana iya shiga. Labarin Jeffrey Deskovic ya ishe mu misali. A ƙarshen 1989 aka yi wa wata 'yar makarantarsu fyaɗe aka kashe ta a garin Peekskill na jihar Niyok, yana ɗan shekara 16. A watan Janairun 1990 ya yarda a gwada shi, domin ya ɗauka hakan zai wanke shi. Aka tafi da shi babu lauya babu iyaye, aka shafe sa'o'i ana ɗura masa kofi ana jefa masa tambayoyi, aka kuma ce masa ya faɗi. Daga ƙarshe ya amsa laifin da bai aikata ba yana kuka. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna tun kafin shari'a cewa maniyyin da aka samu ba nasa ba ne, duk da haka aka ɗaure shi saboda ikirarin bakinsa. Sai a 2006 aka sake shi, bayan an gano ainihin mai laifin. Shekara 16 na ƙuruciyarsa suka tafi a kurkuku.

Yanzu bari in shiga fagena. A salon gwajin da aka fi amfani da shi, ana cakuɗa tambayoyi iri uku, kuma amsa ba ta wuce “i” ko “a'a”. Akwai tambayar da ba ta da nauyi, kamar ko yau Talata ce. Akwai wadda ta shafi laifin kai tsaye: kai ne ka ɗauki kuɗin? Akwai kuma ta kwatanci, mai faɗin gaske, kamar ko ka taɓa ɗaukar abin da ba naka ba a rayuwarka. Hasashen shi ne mai gaskiya zai fi damuwa da ta ukun, mai laifi kuma da ta biyun. Amma don Allah wane mai hankali ne bai san wace tambaya ce za ta iya kai shi gidan yari ba?

Ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, nauyin ya ninka. Yana fassara tambayar a ransa, yana auna ko “ɗauka” ta haɗa da aro, ko ta haɗa da kai kuɗin daga akwati zuwa ofishin manaja kamar yadda aka umarce shi. Wannan kokawa ta cikin zuciya ita ma tana iya bayyana a numfashi. Bayan an cire wayoyi an koma tuhuma, sai wani tarkon ya fito. Idan aka ce da Bahaushe, “Ba ka shiga ofishin ba?” amsarsa ita ce, “I, ban shiga ba.” In ya kwashi wannan tsari ya kai cikin Turanci, Bature zai ji cewa ya shiga. Ga kuma sunkuyar da kai a gaban babba, wanda a wurinmu tarbiyya ce, a wurin mai tuhuma kuwa alamar rashin gaskiya. A da can, a wasu sassan Afirka ta Yamma, shan gwaska ake sa wanda ake zargi, jikinsa ya ba da shaida a kansa. Ina ganin wannan na'ura jikanyar gwaska ce da ta yi karatun boko.

Na san mai karatu zai ce ai mai gaskiya ba ya tsoro, kuma wanda ya ƙi gwaji ya jawo wa kansa ido. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, domin ƙin yarda na iya sa mai bincike ya ƙara sa maka ido. Sai dai a auna riba da hasara. In ka ci, babu abin da ya wajabta wa 'yan sanda su rabu da kai. In ka faɗi, ko aka ce maka ka faɗi, bincike ya tattaro ya dawo kanka, a lokacin da ka gaji kuma ba ka da mai ba ka shawara. Zargi ba hujja ba ne, amma ikirari hujja ne. Shi ya sa Kotun Ƙolin Indiya ta yanke a 2010, a shari'ar Selvi, cewa tilasta wa mutum wannan gwaji ya saɓa wa 'yancinsa na ƙin ba da shaida a kan kansa.

Mu ma a Nijeriya darasin ya shafe mu, ko da na'ura ko babu, domin ikirari a caji ofis ba baƙon abu ba ne a kotunanmu. Sashe na 35(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Sashe na 36(5) ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Sashe na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya tanadi a iya ɗaukar bayaninsa a gaban lauya, da tafinta in ba ya jin Turanci. Sau da yawa mu 'yan boko ne muka fi saurin zubar da waɗannan haƙƙoƙi, saboda muna ganin Turancinmu da gaskiyarmu za su fitar da mu.

Shawarar da na ba ɗalibina ita ce wadda zan ba kowa. Ya faɗa cikin ladabi cewa a shirye yake ya taimaka wa bincike, amma ba zai yi gwaji ko ya ba da bayani ba sai a gaban lauyansa. Ya tattara abin da ke iya wanke shi na zahiri: rajistar lokutan aikinsa, da shaidu, da hotunan kyamarar shagon. In daga baya lauyan ya ga akwai amfani a gwajin, sai a yi shi bisa sharuɗɗa rubutattu. Haka ya yi. Baki shi ke yanka wuya, in ji masu iya magana. Allah Ya tsare mu daga ƙazafi, Ya kuma ba masu bincike haƙurin neman hujja.