Filash ɗaya ya isa, ku daina kai kwamfuta Gusau

1/ Yau dai sai na yi magana. Ƙanwata ta ɗauki laftof ɗinta daga Anka har Gusau, a kan wannan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, don kawai a saka mata Windows. Mai gyaran ya yi fomat bai tambaye ta komai ba. Furojet ɗinta na shekarar ƙarshe ya tafi. Kuma ta biya shi!

2/ Abin da ya ƙona min rai, aikin nan ba wani sirri ba ne. Filash mai 8GB, fayil ɗin ISO daga shafin Microsoft, da Rufus, manhaja ce kyauta. Ka zaɓi ISO, ka zaɓi filash, ka danna Start. Amma Rufus yana goge duk abin da ke cikin filash ɗin, kwashe kayanka tukun.

3/ Sai ka kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, ka zaɓi filash. In ya ƙi tashi, galibi GPT da MBR ne aka cakuɗa: sabbi GPT, tsofaffi sosai MBR.

4/ Za ku ce data tsada, sabis ba ya zama a Bukkuyum. Gaskiya ne, ISO ɗin Windows 11 ya haura 5GB. To mutum ɗaya ya sauke, goma su kwafa mana. Kun manta 2021 da aka katse sabis a Zamfara? Mai filash a aljihu lokacin bai jira kowa ba.

5/ Masu gyara, ban raina sana'arku ba. Allo ya fashe, ku ne. Amma ka saka wa mutum Windows ɗin sata da ba ka san me aka cusa a ciki ba, ka kashe masa Defender, ka kira kanka injiniya? Haba malam.

6/ Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin kwamfutocin da ke hannunmu da yawa ba su da TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Kada a ce maka sai sabuwa. Gwada Linux Mint daga filash ba tare da ka saka shi ba.

7/ 'Yan Gummi, wa ke da ISO a ajiye? Ya yi magana a ƙasa.