Kafin ki ɓoye masa takalmin ƙwallo

Uwargida, idan ɗanki ya dawo daga sakandare a Gazara da ƙura har gira, ya ce an sa shi a ƙungiyar ƙwallon makaranta, kar ki yi saurin cewa a'a.

Tarihin ƙwallon makarantunmu na Makarfi, Ikara da Kudan yana bakin iyayen yaran nan maza, waɗanda suka buga ba takalmi, raga kuwa sanduna biyu. Suna samari a 1996 Nijeriya ta ci zinare a Atlanta, da 'yan Kaduna a tawagar: Garba Lawal, Tijjani Babangida, Daniel Amokachi. Shi ya sa kina faɗa maigida yana murmushi.

Ni dai ƙafar ce damuwata. Filin da ke maƙwabtaka da gona ba ya rasa tushiyar kara ko ƙusa mai tsatsa. In ya taka, ki wanke da sabulu, ku je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. In ya faɗi, ƙafa ta kumbura har ya kasa takawa, a ɗauki hoto a asibiti kafin a nemi mai ɗori. Mai sikila kuwa, sai likitansa ya amince, kuma gorar ruwa tana gefen fili.