Hukuncin Wanda Ya Ɓoye Ciwo Ya Shiga Jirgi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Makon jiya na yi alkawari zan ci gaba da bayanin zakkar kayan ciniki, amma sai wata magana ta shigo wadda na ga bai kamata ta daɗe ba a warware ta ba, domin tana neman raba waɗansu bayin Allah biyu da suka yi shekara ashirin suna cin tuwo a akushi ɗaya. Ɗayansu ɗan kasuwa ne a Boɗinga, mai ɗaukar albasa da hatsi zuwa Kudu, ɗayan kuwa ma'aikacin gwamnati ne mutumin Shagari. Ɗan kasuwan shi ya zo wurina da ƙafarsa bayan la'asar, ya kuma yarda in kawo maganar cikin wannan fili, muddin ban ambaci suna ba.

Sun tafi Umra tare, kowa da iyalinsa. Da suka gama ibada suka yi shawara su shiga irin jirgin ruwan nan na shan iska da ke tashi daga Jidda ya zaga da mutane cikin Bahar Maliya kwana uku ko huɗu, sa'an nan ya dawo da su. Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan ba jirgin fito ba ne. Gari ne sukutum a bisa ruwa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da wurin wasan yara, da ɗakin likita, mutum dubu biyu ko uku suna shaƙar iska ɗaya, suna kama ludayi ɗaya. To, daren da za su shiga, ɗan autan Alhajin, yaro ɗan shekara shida, ya kwana yana amai da gudawa. Da safe a bakin tasha aka miƙa wa kowane magidanci takarda ana tambaya ko akwai wanda ya yi amai ko gudawa ko zazzaɓi cikin iyalinsa a 'yan kwanakin nan. Alhaji ya ce babu, ya sa hannu. Na tambaye shi dalili, ya ce kuɗi an riga an biya, mata sun ɗaure kaya, shi kuma ya ɗauka baƙon ruwa ne ya ɓata wa yaron ciki.

Rana ta biyu yaron ya yi amai a tsakiyar wurin cin abinci. Likitan jirgi ya duba shi, ya ce shi da uwarsa su zauna a ɗaki kada su fito sai ciwon ya tsaya ya kuma kwana bai dawo ba. Aka riƙa ajiye musu abinci a bakin ƙofa. Alhaji ya tafi teburin karɓar ƙararraki ya yi ta faɗa har mutane suka taru. Rana ta uku mahaifiyar abokinsa, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ta kwanta da irin ciwon nan, har sai da aka yi mata ƙarin ruwa, aka kuma kawo wa ɗanta takardar kuɗin magani mai nauyi, don aikin likitan jirgi ba ya cikin kuɗin tikiti. Allah Ya ba ta sauƙi. Amma a tsakanin mata magana ta fita cewa tun a masauki yaron ba shi da lafiya. Tun da suka sauka a filin jirgin sama na Sakkwato, mutumin Shagari bai ƙara ɗaukar wayarsa ba.

Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, ni aka tsare wa iyali, ni kuma ake gaba da ni. Ashe ba hadisi ya ce cuta ba ta tsallakawa ba?"

Na ce masa, Alhaji, ka riƙe rabin magana ka saki rabi. Lalle akwai hadisi ingantacce da ya kore cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta, kamar yadda Larabawan jahiliyya suka ƙudurta. Akwai kuma wani, ingantacce shi ma, da ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Malamai sun haɗa su da cewa cuta ba ta da ikon kome sai da nufin Allah, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna. Kowane Bafillace da ke kiwo tsakanin Boɗinga da Yabo ya san wannan, ko da bai karanta Buhari ba: saniyar da ta kamu ware ta yake yi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa akwai kuturu cikin tawagar Saƙif da ta zo mubaya'a, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma.

Labarin da na fi so ya ji kuwa shi ne wanda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ya ga wata mace mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata kada ta cutar da mutane, da ta zauna a gidanta da ya fi. Ta zauna. Bayan rasuwarsa wani ya ce mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito mana. Ta ƙi, ta ce ba za ta bi shi yana da rai ta saɓa masa bayan ya mutu ba. A duba fa: wannan baiwar Allah ɗawafin Ka'aba aka hana ta, ta haƙura har ƙarshe. Iyalin Alhaji wurin cin abinci aka hana su, na kwana biyu. Haka kuma lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga Sarg bai shiga Sham ba, Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarfafa shi da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa don gudu. Ke nan tsare mai ciwo ba al'adar Turawan jirgi ba ce kaɗai, tamu ce tun da daɗewa.

Mu mutanen ƙasar nan ma ba baƙin abin ba ne. Kakannin da suka tafi Makka a ƙasa, ta Fort Lami da Fashir da Ubayyid, in sun isa Suwakin sai an tsare su an yi musu lamba da allura kafin su hau jirgi zuwa Jidda. Waɗansu sukan gudu su shiga ƙananan jiragen masu fasa-ƙwauri da dare, da yawa kuwa ba a ƙara jin labarinsu ba. A 1996, ina saurayi, sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, hukumar Saudiyya ta hana alhazanmu shiga a wannan shekara, mutane sun biya kujera sun yi sallama da dangi suka koma gida. A 2020 da 2021 kuma babu wanda ya tashi daga Nijeriya ya yi Hajji saboda korona. Katin allurar da ake tambayar maniyyaci ba don a wahalar da shi aka ƙago shi ba. Ina faɗar wannan ne don na ji akwai masu sayen katin da hatimi a kai ba tare da allura ta taɓa damtsensu ba. Wannan da abin da Alhaji ya yi a bakin tasha uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Jirgin ruwa kuwa ya fi gari haɗari, don babu inda za a watse. A watan Fabrairu 2020 aka tsare wani jirgin shan iska mai suna Diamond Princess a tashar Yokohama ta ƙasar Japan, da mutum 3,711 a ciki, bayan an gane cewa wani fasinja da ya sauka a Honkon yana ɗauke da korona. Kafin a gama, mutum 712 suka kamu, fiye da goma suka mutu. Ciwon amai da gudawa da ya fi yawa a jiragen nan kuma, wanda likitoci ke kira norobairos, ƙwayarsa tana maƙalewa a hannu da marikin ƙofa da cokali, tana bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin kwana uku, amma tsoho da jariri takan ƙone musu ruwan jiki. Wanke hannu da sabulu ya fi man shafawar nan na kwalba tasiri a kanta. Saboda haka abin da Alhaji ya rubuta ƙarya ce, kuma algus ne ga dukan wanda ke cikin jirgin. Tuba ya wajaba a kansa, ba ni da wata kalma mai laushi da zan sa a madadin wannan.

Ya ce to, kuɗin kwana biyun da iyalinsa suka yi a kulle fa, ba a mayar masa? A nan na ɗauko masa Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ya karanta yana yaro ya manta. A wajen maganar haya ta nuna cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar ladarsa sai ya kai mutane inda aka yi sharaɗi. Wannan jirgi ya tafi ya dawo, ya kai. Ta kuma nuna cewa haya ba ta warwarewa ko da mahayin ya mutu, balle don ya yi ciwo. In dabbar da aka haya ce ta mutu a hanya, wannan uzuri ne daga wajen mai dabba, sai a mayar da kuɗin abin da ya rage. Uzurin Alhaji daga gidansa ya fito. Bugu da ƙari ya sa hannu a kan sharuɗɗan tafiya, cikinsu har da bin umurnin likita, Musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa. Cewa bai karanta ba ba hujja ba ce ga mutumin da ba ya sakin buhun albasa sai ya ƙidaya kuɗi sau biyu. In kamfanin ya ga dama ya saka masa da wani abu, kamar yadda waɗansu sukan yi, kyauta ce, sai ya roƙa a rubuce cikin ladabi.

Amma ba zan wanke masu jirgin tas ba. Ya gaya mini babu wanda ya zauna ya yi wa matarsa bayani da harshen da take ji, sai dai aka rufe ƙofa. Abinci yakan zo ya huce, ranar farko ma sai bayan azahar. Wani ma'aikaci namiji ya shiga fesa magani ba tare da sallama ba, matar ba lulluɓi. Waɗannan hakkoki ne nasa, ya nema, ina bayansa. Wanda aka tsare don amfanin jama'a ba fursuna ba ne, shi ya ɗauki nauyin sauran, ya cancanci a fi kula da shi. Da ana tsare mai ciwo cikin mutunci, da masu ɓoye ciwo sun ragu. Ejan ɗin da ya sayar musu da tikiti shi ma yana da nasa kaso, tun da bai gaya musu cewa likita da kuɗinsa daban ba, bai kuwa nuna musu hanyar inshorar tafiya ba. Ɓoye wa mai saye abin da in ya sani zai sake shawara haramun ne, ko a kan tikiti ko a kan tiyar gero. Ma'aikatanmu na ofisoshi da asibitoci, masu ce wa talaka "jeka ka dawo" kansu a sunkuye, su ma su ɗauki nasu a nan. Sai dai yarinyar da Alhaji ya daka wa tsawa a teburin nan ba ita ta kafa doka ba, 'yar ƙwadago ce da ta bar ƙasarsu don neman abinci. Ita kam bai san inda zai same ta ba, sai ya nema mata alheri wurin Allah.

Saura maganar Hajiya, ita ce mai wuya. In gaban alƙali aka je, ban ga yadda za a ɗora masa kuɗin maganinta ba, domin ramuwa tana bukatar tabbaci, jirgin kuwa cike yake da mutane, ba mai iya rantsewa daga wane hannu ciwon ya zo. Na gaya masa haka, na ga fuskarsa ta saki. Sai na tambaye shi wa ya riƙe yaron a mota daga Makka zuwa Jidda. Ya yi shiru, can ya ce Hajiya ce ta ɗora shi a cinya, tana ce masa mijinta. Na ce to, Alhaji, abokinka ba kuɗi ne ke cinsa ba. Kai ka san yaron ya kwana yana amai, ka ga tsohuwa ta ɗauke shi, ka yi shiru don kada tafiya ta ɓaci. Da kamfani kaɗai ka yi wa ƙarya da sauƙi.

Abin da na yanke masa shi ne ya tafi Shagari da kansa, kada ya aika ɗan aike, kada ya buga waya. Ya fara shiga wurin Hajiya ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba tare da ya ce baƙon ruwa ko baƙuwar iska ba. Sa'an nan ya ajiye wa abokinsa kuɗin maganin duka. In ya mayar masa da rabi ko duka, wannan tsakaninsu ne. Shi kuma mutumin Shagari, na san yana karanta wannan fili, ina tuna masa cewa shari'a kwana uku ta ba Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa, shi kuwa ya shiga mako na biyar. In Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidansa, amsawa wajibi ce.

Alhaji ya ce ranar Juma'a zai tafi, su yi salla a can. Allah ne Mafi sani. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan zakkar kayan ciniki, daga inda muka tsaya a kan bashin da ɗan kasuwa ke bin mutane.