Zancen Kasuwa: Hannun Jari Ya Yi Arha, In Saya?

Wani ɗan kasuwa daga Salaga ya aiko da tambaya: farashin hannun jarin wani kamfani ya faɗi a Kasuwar Hannun Jari ta Ghana da ke Ankara, shin lokacin saye ya yi?

Alhaji, dakata tukuna. Kakanninmu fatake ba sa biyan kuɗin goro a Salaga sai an kwance huhu, domin wata arhar sankara ce ta kawo ta. Huhun kamfani shi ne rahoton ribarsa na shekara. Idan hannu ɗaya sidi 10 ne, ribar da ta hau kansa sidi 1, sai shekara 10 riba za ta kai kuɗinka, in ma ta ɗore. Duba bashin da ke wuyansa kuma.

Ka tuna da UT Bank. Farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, rahotonsa ya makara. A watan Agusta 2017 Babban Bankin Ghana ya soke lasisinsa, GCB ya karɓi ajiyar jama'a. Masu ajiya sun tsira, masu hannun jari kuwa aka bar su da takarda.